Turawan Dala: Abin da Littattafai Uku Suka Faɗa Game da Larabawan Kano

A cikin birnin Kano, ta wajen Dutsen Dala, akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Dandalin Turawa. In ka tambayi yaron zamanin nan dalilin sunan, zai ce maka ai Ingilishi ne suka zauna a nan bayan sun ci gari. Ba haka ba ne. Sunan ya girmi zuwan Ingilishi nesa ba kusa ba. Ga kakanninmu, Bature shi ne farin attajirin da ya keto hamada da raƙuma daga Tarabulus ko Gadamas ko Fazzan, a ƙasar da ake kira Libiya yanzu. Mutanen Turai kuwa Nasara ake ce da su. Sai daga baya sunan ya tashi daga kan waɗancan ya koma kan waɗannan. To, in suna guda ya iya rikicewa haka, ina ga labarin mutanen su kansu?

Waɗannan mutane ba su taɓa yin yawa ba. 'Yan gidaje ne cikin babban birni, nesa da garinsu ƙwarai, tafiyar watanni ta kan Gat da Asben da Damagaram. Ba su ne Shuwa ba, watau Larabawan Barno masu kiwon shanu. Ba su ne kuma Kwara ba, mutanen Labanan da Sham waɗanda suka zo a zamanin Ingilishi suka kafa kantuna a wajen ganuwa. Hasali ma ba dukansu ne Larabawan asali ba, gama mutanen Gadamas suna da harshen kansu na gida, dangin na Buzaye, ko da yake da Larabci suke ciniki da rubutu. Kanawa dai suka haɗa su duka suka ba su suna ɗaya.

Mai karatu a Tofa yana iya cewa, ina ruwan manomi da attajiran birni? Ruwansa kuwa da yawa. Daga Tofa zuwa Ƙofar Kabuga tafiyar yini guda ce da jaki, kuma tun da daɗewa ƙauyukan da ke kewaye da birni su ne ke ciyar da shi. Audugar da aka kaɗa, da baban da aka rina da shi, da fatar akuyar da aka jeme, duk daga irin waɗannan gonaki da garake suka fito kafin su hau bayan raƙumi. Saboda haka ya kamata mu duba littattafai uku da suka taɓo labarin Larabawan nan, mu ga inda kowanne ya yi daidai da inda ya gaza. Wanda ya koyi karatu da girmansa ya kan ɗauka duk abin da aka buga a takarda ya cika. Littafi kuwa kamar mai ba da shaida ne a gaban alƙali: abin da ya gani daga inda ya tsaya, shi zai faɗa.

Shaidar fada

Na farko shi ne Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, mai shi bai sa sunansa ba. Ya bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, shi ne kuma ya lissafta shekarun Miladiyya daga tsawon sarautar kowane sarki. Daga baya aka buga shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

A wurare uku ya kamata mu tsaya. A zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, littafin ya ambaci zuwan wata ƙungiyar Larabawa, waɗansu suka zauna Kano, waɗansu Katsina. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, ya ambaci zuwan Sharifai. A wannan zamani ne Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano ya rubuta wa sarki littafi a kan yadda ake riƙon mulki, har yau kuwa akwai unguwar Sharifai da sarautar Sidi Fari. Sa'an nan a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, littafin ya nuna yadda sarki ya matsa wa Kurmi da karɓar kuɗi har kasuwa ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe suka koma Katsina, talakawa da yawa kuma suka gudu ƙauye.

Wannan wuri na uku shi ne mafi daraja, kuma marubucin ya cancanci yabo a kansa. Cikin 'yan kalmomi ya koya mana cewa baƙon attajiri kamar tsuntsu yake, inda ya ga tsaba nan yake sauka, in aka jefe shi ya tashi. Ya kuma nuna cewa zaluncin da ya kori baƙo shi ne ya kori ɗan gida. Abin da ya faru bayan jihadi ya ƙara tabbatar da wannan, gama da yaƙe-yaƙe suka dami Katsina bayan 1807, sai ciniki ya juyo Kano, attajiran arewa suka biyo shi.

Amma gazawar littafin a fili take. Daga zauren fada yake kallon duniya. Balarabe ba ya shiga cikinsa sai in ya zo ko ya tafi, ko in zuwansa ya ƙara wa sarki kwarjini. Ba za ka ji abin da yake saye ba, balle wanda ya sayar masa, ko matar da ta dafa masa abinci. Manomi kuwa ba a tuna da shi sai ranar da ya gudu. Ba laifi ba ne mutum ya rubuta tarihin sarakuna, amma laifi ne mai karatu ya ɗauka shi ke nan tarihin ƙasa.

Shaidar baƙo

Na biyu littafin tafiye-tafiye ne na Dokta Barth, Bajamushe wanda gwamnatin Ingila ta aiko. Ya shigo Kano a watan Fabrairu 1851, ya yi kamar wata guda, ya sāke biyowa a 1854, aka buga littafinsa cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858. Kafin shi, Kyaftin Clapperton ya zo a 1824, shi ma a hannun wani Balarabe ya sauka, wakilin Shehun Barno. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayinsu: duk baƙon da ya fito daga arewa, ta ƙofarsu yake shiga gari.

A Dala aka sauki Barth, ya kuma rubuta cewa nan ne mazaunin manyan attajiran arewa, galibinsu mutanen Gadamas. Ya rarrabe tsakanin Larabawa da waɗanda ba Larabawa ba a cikinsu, abin da mu kanmu ba mu yi ba. Ƙarfin littafinsa lissafi ne. Ya ƙiyasta mazauna birni 30,000. Ya ƙiyasta tufafin Kano da ake fitarwa kowace shekara sun kai na kuɗin wuri miliyan 300 a ƙalla. Ya nuna cewa tufar Kano tana zuwa Murzuk da Gat da Tarabulus, har ma tana isa Tambutu ta wata doguwar hanya mai ban mamaki, watau a kai ta arewa zuwa Gat da Gadamas, a juya yamma zuwa Tuwat, sa'an nan a gangaro kudu. Ya lissafta abin da ake kawowa: alharini, da akoko na Ingila, da duwatsun wuya, da takubba na Jamus, da allura, da sukari, da takarda. Bai ɓoye cinikin bayi ba, ya ce waɗanda ake fitarwa daga Kano a shekara ba su wuce 5,000 ba, waɗansu zuwa Barno da Nupe, waɗansu zuwa Gat da Fazzan.

Ga wani abin yabo kuma. Barth ya lura cewa saƙar Kano ba a manyan ma'aikatu ake yinta ba kamar a Turai, a cikin gidaje ake yi, mutum yana sana'arsa yana tare da iyalinsa. A nan ya matso kusa da ganin mutumin karkara, mai noma da damina, mai saƙa da rani, da matarsa mai kaɗi. Sai dai bai ƙarasa ba. Baƙo ne, ga zazzaɓi, ga bashi a wuyansa, attajiran kuma suna matsa masa a kan kuɗinsu. Masu iya magana sun ce idon baƙo manya ne amma ba ya ganin gari. Ya ga zaure, bai ga cikin gida ba. Kuma dole mu tuna dalilin da ya sa aka aiko shi: Ingila tana son sanin abin da za ta sayar a nan da hanyar da za ta bi. Shi ya sa ya ƙidaya kaya da kyau, amma lambobinsa ƙiyasi ne na mai wucewa, ba ƙidayar hukuma ba. A yi amfani da su don a gane girman abu, kada a rantse da su.

Shaidar wanda aka ɗaure

Na uku ƙagaggen labari ne, Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta yana saurayi malamin makaranta, aka buga a 1934, tun kafin ya zama Firayim Minista. Da yawa cikin masu karatunmu sun san shi. An sace Umar yana ƙarami, a Kano ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi zuwa garinsu. Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Uwarsa kuwa ta fito nemansa, aka yaudare ta aka bautar, aka kai ta Murzuk, daga nan Tarabulus, ba ta sāke ganin ɗanta ba sai da ajali ya matso.

Wani zai ce, ta yaya za a jera ƙagaggen labari da littattafan tarihi? Amsa ita ce, shi kaɗai ne cikin ukun ya bi ayari daga baya, inda ake tafiya a ƙasa, ba daga kan raƙumi ba. Barth ya ba mu adadi, Malam Abubakar ya ɗauki mutum biyu daga cikin adadin ya ba su suna da uwa da ɗa. Gwanintarsa ita ce bai mai da Balaraben dodo ba. Ya sa alheri da cuta cikin sana'a guda: hanyar da ta kai Umar ga ilimi ita ce ta hallaka uwarsa. Mai karatu ba ya iya zagin Abdulkarim, ba ya kuma iya wanke shi. Haka gaskiyar al'amarin take.

Littafin ya kuma tuna mana abin da sauran suka manta, watau hamada hanya ce mai zuwa da komowa. Yayin da 'yan gidajen Larabawa suka zauna Kano don neman riba, Hausawa masu yawan gaske sun zauna Murzuk da Tarabulus da Tunis ba da sonsu ba. Wani Bature, Tremearne, ya tarar da su a Tunis da Tarabulus suna Hausa suna bori, ya rubuta littafi a kansu a 1914. Su ma baƙi ne 'yan tsiraru nesa da gida, amma ba su da unguwa mai sunansu a tarihinmu.

Duk da haka akwai inda labarin ya yi rauni. Garin Abdulkarim ba a bayyana shi yadda mutum zai gan shi da idon zuci ba, ga alama marubucin daga ji ya siffanta. Zaman Larabawa a Kano ma wucewa kawai aka yi ta kansa. Abin da ya fi wannan, Umar mai ba da labari yana karɓar kome a kan ƙaddara, bai tsaya ya tuhumi cinikin da ya raba shi da uwarsa ba. Haƙuri halin malami ne, ya kuwa dace da shi. Amma kada mai karatu ya ɗauka haƙurin wanda aka zalunta ya wanke zalunci, kada kuma ya manta cewa Balarabe saye ya yi, masu kamawa da masu sayarwa 'yan ƙasa ne.

Yadda ayari ya mutu

Ba ɗaya cikin ukun da ya kai mu ƙarshen labari, saboda haka bari mu cike. A 1857 Sarkin Istambul, wanda Tarabulus ke ƙarƙashinsa, ya hana cinikin bayi, ko da yake an daɗe ana yi a ɓoye. Attajirai suka ƙara ba da ƙarfi ga gashin jimina da hauren giwa da jemammiyar fatar akuya, wadda masu dukanci na Turai da Amurka ke nema. A 1893 Rabe ya ci Barno, hanyar gabas ta lalace. A 1899 Faransa ta kama Damagaram. A Fabrairu 1903 Ingilishi suka ci Kano. Sa'an nan shekarar 1911 ta zo da abu biyu a haɗe: hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, Italiya kuma ta auka wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni da shi, ga haɗarin 'yan fashi da ƙishirwa, sai ga shi yana zuwa ta teku zuwa Ikko, jirgi ya ɗauko shi cikin 'yan kwanaki da araha. Daga 1912 gyada ta zama sarauniyar kasuwa, fuskar Kano ta juya daga arewa zuwa kudu. Manomin Tofa ya shiga shuka gyada, mai sayenta kuwa kamfani ne da Kwara da attajiran Hausawa.

Waɗansu Larabawan suka koma gida. Waɗansu suka zauna, suka shiga cinikin fata da gyada da tufafi. Da ma sun auri 'yan ƙasa, sun ajiye ƙwaraƙwarai, 'ya'yansu da Hausa suka buɗe baki. Da hanya ta yanke, ba sabon jini daga arewa, sai jikoki suka zama Kanawa sosai, ba abin da ya rage sai hasken fata a waɗansu gidaje da sunan kaka da ake tunawa. Ba korarsu aka yi ba, gari ne ya haɗiye su, kamar gishiri a miya.

Abin da aka bari a baya

Miya kuwa ta ɗauki ɗanɗano. Sunan unguwar Alfindiki daga kalmar Larabci ne mai nufin masaukin fatake. Gurasa da alkaki da alkubus duk sunayen Larabci ne, haka alkamar da ake yinsu da ita, wadda manoma ke shukawa a fadama da rani. Alharini da alkyabba da almakashi, har kalmar attajiri ita kanta, daga can suka fito, ko da yake ba duk Larabcin da ke cikin Hausa ne ya zo ta kasuwa ba, mafi yawansa ta allon malamai ya shigo. Bandirin da ake bugawa a zikirin Ƙadiriyya a Kano ta hannun mutanen arewacin Afirka ya zo, kamar yadda John Paden ya bayyana cikin littafinsa na 1973 a kan addini da siyasa a Kano. In kuma akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a gidanku, ku ɗaga warƙa guda ga hasken rana. Sau da yawa za ku ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar. A Italiya aka yi ta, a bayan raƙumi ta iso.

Yanzu ku duba wannan jeri da kyau. Wa ya koyi gasa gurasa a tanderu, ya koya wa 'yarsa, har ta zama abincin Kanawa duka? Matan cikin gida ne, 'ya'ya da bayi. Wa ya koya wa ɗan Balarabe Hausa? Uwarsa. Wa ya noma audugar da ta sa sunan Kano ya kai Tambutu? Mutumin karkara. Waɗannan su ne suka ɗauki rabin labarin a kansu, su ne kuma littattafan nan uku suka fi yin shiru a kansu. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Malamin fada yana da alƙalami, Bature yana da alƙalami, malamin makaranta yana da alƙalami. Manomi da matar kulle ba su da shi.

Hukuncinmu ke nan a kan littattafan. Tarihin Kano ya ba mu lokaci, Barth ya ba mu awo, Shaihu Umar ya ba mu zuciya. Kowanne a karanta shi, amma a karanta su tare, don ɗaya ya gyara ɗaya. Wanda ya riƙe na farko kaɗai zai ɗauka sarakuna ne suka yi kome. Wanda ya riƙe na biyu kaɗai zai ɗauka arziki ne zalla. Wanda ya riƙe na uku kaɗai zai ɗauka kuka ne zalla.

Saura shaida ta huɗu, ita kuwa tana hannunku. Ku da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci, alƙalamin da kakanninku suka rasa ya zo gare ku. Waɗanda suka ga ayari da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, amma akwai tsofaffi a Tofa da kewayenta da suka ji daga bakin iyayensu inda marina take a da, da wanda ke sayen saƙar gidansu, da dangin da aka tafi da shi arewa bai komo ba, da kakar da aka kawo daga wata ƙasa ba a san garinsu ba. Ku zauna da su, ku tambaya da ladabi, ku rubuta yadda suka faɗa, ku sa sunan mai faɗa da ranar da ya faɗa. Kada ku ƙara gishiri, kada ku rage abin kunya. Abin da aka ce an ji, ku rubuta an ji. Abin da aka ce an gani, ku rubuta an gani. Littafin nawa ne zai ɗauke wannan? In ba a yi ba, wata rana jikokinmu za su ci gurasa su wuce ta Dandalin Turawa, ba wanda zai iya gaya musu ko su wane ne Turawan.

Allah ya ji ƙan magabata, baƙi da 'yan gida, masu raƙuma da masu tafiya a ƙasa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.